Gajere da Fijon Damaga

Duk Talata Mafara babu wanda bai san Gajere ba, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa ganin ya gyara wani abu ya gyaru. Sunansa na yanka Mas'ud, amma ko shi kansa sai ya ɗan yi tunani kafin ya amsa shi. Yana saurayi ya yi wata huɗu a wani gareji a Gusau yana wanke notuna cikin kananzir, har ranar da ya ɗura ruwa inda ake ɗura baƙin mai, maigidan ya roƙe shi don girman Allah ya koma gida. Ya dawo da safana biyu, da rigar aiki shuɗiya wadda ta yi masa yawa, da sabon suna da ya raɗa wa kansa: Injiniya.

Abin da ke ciyar da gidansa kuwa ba injiniyanci ba ne, albasa ce. Yana da 'yar gona a fadama ta hanyar Bakura, fangali arba'in, da jan injin ban-ruwa wanda sai da matarsa Taibatu ta sayar da tumakinta biyu aka sayo shi. Tun ranar da aka kawo injin ta kafa masa doka: ya tayar, ya kashe, amma kada safanarsa ta kusance shi. Shi ya sa shekara uku injin bai taɓa yin ko tari ba.

Wata Asabar da hantsi Gajere na zaune a teburin Nagode mai shayi a bakin tasha, sai wani fasinja ya nuna wa mutane bidiyo a wayarsa. Wasu Turawa ne suka jawo wata tsohuwar mota daga cikin daji, duk ta ruɓe, suna kwance kayanta ɗaya-ɗaya suna gogewa a hankali kamar masu wankan jariri. Fasinjan ya ce a can ƙasashen, fitila ɗaya ta irin wannan motar ta fi sabuwar mota tsada. Yana rufe baki aka ce motarsu ta cika, ya tafi abinsa.

Gajere ya ajiye kofi.

"Jama'a, arziki ya zo," in ji shi. "Wagga mota da kun ka gani, ni na san inda yayarta take. Fijo ta, fo-o-fo, ta marigayi Alhaji mai auduga, mijin Innata Hindatu. Tana nan Damaga bayan rumbu."

Nagode ya ce, "Wadda kaji ka kwana ciki?"

"Kaji sun fi ka sanin wuri mai daraja. Kai mi ka sani ga mota, kai da iliminka bai wuce tukunyar shayi ba? Ƙarhen dauri na, Nagode, ba gwangwanin yanzu ba. Fitila daban, kafireta daban, lagireto daban, kowane da kuɗinshi. Ranar Talata ku taru layin 'yan kayan mota. Zan kira Misbahu na Bakura, mai kayan mota, ya zo da babbar jaka. Wanda bai taɓa ganin Injiniya na aiki ba, ran nan ya gani."

"Mu duka ke nan," in ji Nagode.

Da yamma Gajere ya kira Inna Hindatu, ƙanwar mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya wadda ba a taɓa cutarta a ciniki ba. Sai da suka gaisa tun daga gajiya har kan awaki, sannan ya kawo zancen mota.

"Motar Alhaji ba ta sayarwa ba ta," in ji Inna. "Amma ɗibar ruwa a lambuna ya kusa karya man baya. In ka kawo man injin ban-ruwa, zo ka ɗauke ta."

Gajere bai ko ja numfashi ba ya ce an gama. A ransa ya ce ranar Talata ai sai ya sayi irin injin nan goma. Albasa kuwa in ta sha ruwa ranar Lahadi za ta jira shi har Laraba.

Ranar Litinin da sassafe ya ɗaure injin a bayan babur kamar kullum, ya gaya wa Taibatu zai biya ta fadama, daga can ya wuce Maradun, an kira shi aiki, can zai kwana.

"Wanda ya kira ka, baƙo na?" in ji Taibatu.

"Mi ya sa kika tambaya?"

"Na ga ɗan gari ba ya kiranka."

Ya tayar da babur ya yi kamar bai ji ba.

A Damaga ya tarar Inna ta riga ta kira shaida, maƙwabcinta Gidaɗo, dogon Bafillace mai shanun noma, wanda ba ya dariya sai dai gemunsa ya motsa. Inna ta zagaya injin sau biyu.

"Yana aiki?"

"Kamar agogo, Inna."

"Kai ka ka gyara shi?"

"A'a, ban taɓa taɓa shi ba."

"To na yarda. Gidaɗo, ka shaida. Injin nawa, mota tashi, kuma abin da an ka ɗauka ba a maidowa."

"Na shaida," in ji Gidaɗo.

Aka zagaya bayan rumbu. Kafin a isa, rabin garin sun biyo baya, don labari ya bazu cewa wani mutum ya zo daga Mafara ya ba da injin mai rai ya karɓi gawa.

Shekara talatin motar na wurin. Ta nutse cikin ƙasa har ciki. Tayoyi babu ko ɗaya, tuni aka yi takalma da su, takalman ma sun ƙare. Launinta kuwa sai dai a tambayi dattawa, su ma sun rabu biyu, wasu sun ce fara ce, wasu sun ce koriya. Wani dogon-yaro ya tsiro ta ƙarƙashinta, ya huda tsakanin kujerar gaba da ta baya, ya fita ta rufi, ya girma har yana ba rumbu inuwa. Abu ɗaya ne ke ƙyalli a jikinta: fitilar gaba ta hannun dama, garau, ko tsagu babu.

Gajere ya durƙusa ya shafa fitilar da hannun riga. "Kun gani? Wagga kaɗai ta ishe ni Makka, ni da iyali."

Inna ta kore kajinta ta kwashe ƙwai shida daga kujerar baya, ta ce su ba sa cikin ciniki. Gajere ya naɗe hannun riga ya kama ƙofar direba ya ja. Ƙofar ta biyo shi gaba ɗaya, ya yi taga-taga ya zauna a ƙasa tana rufe da shi.

"Haka aka cire ta," in ji shi daga ƙarƙashi. "Wanda bai iya ba sai ya wuni yana kwance noti."

Ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya ce bari ya ji lafiyar sitiyari. Yana ɗora mazaunai a kujera, kujerar ta wuce ƙasa da shi, gindin motar ya buɗe kamar ruɓaɓɓen faifai. Sai ga Injiniya a naɗe, gwiwoyi a kunne, hannu biyu na riƙe da sitiyari can sama. Gidaɗo ya kama shi ta hammata ya fizgo. Gajere ya fito, amma bayan wandonsa ya zauna a mota.

Mata suka juya baya suna toshe baki. Inna ta miƙo masa zane ya ɗaura a kan rigar aiki.

"Yanzu sai injin," in ji shi, yana gyara ɗaurin zane. "Nan dukiyar take."

Boneti ya ƙi buɗuwa. Ya zura safana ya danna, ya ƙi. Ya ɗaga babbar safanar ya narka masa duka uku. Sai aka ji wani guɗa daga ciki, siriri, yana ƙaruwa.

Gajere ya ɗaga yatsa. "Ku saurara! Shekara talatin, har yanzu da sauran wuta ga batir!"

Gidaɗo dai tuni ya kai bakin rijiya da gudu. Rina ce. Ta fito ta kowace huda kamar hayaƙi, kuma cikin duk taron nan ta san wanda ya buga mata ƙofa. Jama'a suka watse, wasu ta danga, wasu ta cikin lambu. Gajere ya zagaya rumbu sau uku yana marin kansa, zane na harɗe shi. Da abin ya lafa aka dawo, idonsa na hagu ya rufe ruf, leɓensa na sama ya yi kamar ƙosai.

"A bari rana ta yi sanyi," in ji Gidaɗo. "Rina ba ta son a zo mata da zafi."

"Malam Gidaɗo, kai ka san saniya, ni na san mota. Hayaƙi za a yi mata."

Ya tara busasshen kashin shanu da kara a ƙarƙashin boneti. Ya ga hayaƙin bai kai yadda yake so ba, sai ya je ya tsiyayo fetur daga babur a cikin gwangwani, ya ce don ya ƙara masa kauri. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, ya watsa.

Wutar ta tashi da wani irin buf da aka ji har bakin kasuwa. Ta kama kujeru, ta kama ciyawar da kaji suka tara shekara da shekaru, ta miƙa harshe ta lashi jinkar rumbu, rumbun da geron Inna na shekara ke ciki.

"Gidaɗo, injina!" in ji Inna.

Gidaɗo ya jefa tiyo a rijiya ya ja igiya sau ɗaya, injin ya amsa. Ruwa ya fito da ƙarfi. Aka fara da rumbu, aka koma kan mota, aka haɗa da Gajere wanda ya tsaya a tsakiya yana nuna inda za a fesa. Wuta ta mutu. Ana cikin hamdala sai aka ji ƙas! Fitilar nan ta dama, da ta sha zafi ta kuma sha ruwan sanyi, ta tsage gida huɗu ta zube a ƙasa.

Inna ta kashe injin ta shafa kansa.

"Lalle yana aiki. Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Gajere ya daɗe yana kallon fasassun gilasan da idonsa ɗaya. Can ya ce, "Dama ta hagu Turawa sun ka fi so."

"Ta hagu na ina?" in ji wani.

"Za a bincika."

Zafin wuta ya sa boneti ya saki. Aka ɗaga. Babu komai a ciki sai wani baƙin dunƙulen ƙarfe zaune shi kaɗai kamar maraya.

"Ina kafireta? Ina lagireto? Ina wayoyi?"

Nan fa dattawa suka fara tuna alheri. Wani ya ce lagireto ai tun shekarar da Alhaji ya rasu mai injin niƙa ya ɗauka, Allah ya jiƙan Alhaji. Wani ya ce da wayoyin ya ɗaure shingen gonarsa. Murfin but na bayan motar shi ne ƙofar akurkin liman. Wili ɗaya na rataye a makarantar firamare ana bugawa in an tashi, ɗaya kuma mata ke ɗora tukunyar biki a kai. Gidaɗo ya zaro addarsa ya nuna.

"Wagga ma daga sifirin ɗinta maƙeri ya ƙera man. Shekara ashirin ba ta dakushe ba. Ƙarhen dauri na, gaskiyarka."

"Allah ya jiƙan Alhaji," jama'a suka amsa gaba ɗaya.

Gajere ya dubi dunƙulen ƙarfen ya ce duk abin da suka kwasa tufafi ne, ran motar ga shi nan, kuma rai ake saye. A jawo ta fili kawai, gobe ƙanen matarsa Mukhtar zai biyo da akori-kura.

Gidaɗo ya kawo shanunsa biyu, ya ɗaura igiya a bamba, ya ce amma fa sai an sare itacen nan tukuna.

"Wa zai sare man itace?" in ji Inna. "Mota na ba shi. Itace bai cikin ciniki."

"Ba sai an sare ba," in ji Gajere. "Lissafi na. In an ja da ƙarfi ta gaba, rufin zai buɗe ya ba itace hanya. Ni zan shiga in riƙe sitiyari, don mota ba ta tahiya ba direba."

Ya shiga ya tsaya da ƙafafunsa a ƙasa ta cikin ramin da ya faɗa ɗazu, ya kama zoben ƙarfen da wuta ta bari na sitiyari, ya ce a kora.

Gidaɗo ya yi wa shanu magana da Fillanci. Suka ja. Mota ta yi ƙara, ta yi nishi, ta yi wata ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Ta rabu biyu. Rabin baya ya zauna rungume da itace. Rabin gaba ya fice da direba.

Shanun ba su taɓa jin irin wannan kwaramniya a bayansu ba, suka zabura. Igiyar hanci ta kuɓuce wa Gidaɗo. Gajere ya ga in bai yi gudu ba ƙarfe zai kwashe masa ƙafafu, don haka ya yi ta sheƙa gudu a cikin mota, zane na kaɗawa, yana murza sitiyarin da ba ya haɗe da komai, yana ihu, "Birki! Birki!" Suka keta dangar wani gida, suka bi ta kan shanyar kuɓewa, suka ratsa gaban masallaci ana shirin sallar azahar. Shanun ba su tsaya ba sai a turkensu a gidan Gidaɗo, suka sa baki a harawa kamar ba abin da ya faru.

Gidaɗo ya iso yana haki, gemunsa na rawa.

"Shekara talatin ba ta motsa ba, yau har da gudu. Injiniya, na sallama maka."

Gajere ya jingina da sitiyari yana neman numfashi. "Ka gani ko? In ka je Mafara ka faɗi haka da bakinka."

Ranar Talata da safe Mukhtar ya iso da akori-kura ɗauke da buhunan gyaɗa daga Maradun. Ya dubi mijin yayarsa, ido ɗaya a rufe, cikin aron wandon Gidaɗo da aka naɗe ƙafarsa sau huɗu. Ya dubi rabin motar. Sai da ya riƙe ƙofa don dariya.

"Yaya Taibatu ta san da wanga aiki?"

"Maganar maza ta. Kama mu ɗora."

Mutum shida suka ɗora. Ana ɗaure igiya Mukhtar ya hango jan injin a bakin rijiyar Inna yana feshi a kan alayyafo. Ya san injin, don shi ya ɗauko shi daga Gusau. Ya zagaya bayan mota yana danna lambar yayarsa a waya.

Gajere ya bar babur wurin Gidaɗo, ya ƙi shiga gaba, ya hau baya ya zauna kusa da dukiyarsa. Duk ramin da aka faɗa sai motar ta zubar da wani abu. Tsatsa ta riƙa bin iska kamar ana sheƙe dawa. A Maradun bamba ta faɗi, ya ce a bar wa mutanen garin tsaraba.

A shingen shiga Mafara motocin 'yan kasuwa sun yi layi. Wani jami'i ya leƙo baya, ya daɗe yana kallo.

"Malam, mene ne wannan?"

Gajere ya miƙe tsaye a kan buhu ya ɗaga murya don na baya su ji. "Mota ce, ranka ya daɗe. Fijo fo-o-fo, ƙirar Faransa. Irinta ba ta fi uku ba a duniya."

"Madalla. Kawo takardunta."

"Takardu?"

"Takardun mota. Da lambar injin, da shaidar saye. Ka san yanzu ana satar motoci a yanka su a sayar. Ga ta a yanke, ga alamar an ƙona ta, ga ka da fuska a kumbure. Sauko."

Gajere ya sauko a hankali, muryarsa ma ta sauko.

"Ranka ya daɗe, in an bi ta gaskiya, ba mota ba ce sosai."

"Yanzu ka ce irinta ba ta fi uku ba a duniya."

"Wajen lalacewa nike nufi."

"To mece ce?"

"Tarkace na."

"Ban ji ba."

"Wallahi tallahi bola ta!" Gajere ya faɗa da ƙarfi. "Kaji ka kwana ciki! Ko almakashin aski ba a samu a jikinta!"

Jami'in ya tura yatsa a jikin ƙarfen, yatsan ya wuce. Ya goge a wando ya ɗaga hannu a wuce. Motoci bakwai ne a layin, duk cike da 'yan kasuwar Talata, kuma babu wanda bai ji rantsuwar ba.

Kafin su isa layin 'yan kayan mota wurin ya cika. Nagode ya bar wa maƙwabcinsa tebur ya zo ya kama gaba. Misbahu na Bakura na zaune a kan benci cikin farar shadda, mutum mai natsuwa wanda ya shekara ashirin yana sayar da kayan mota. Ganin taro sai ƙarfin Gajere ya dawo. Ya haye saman buhuna.

"Jama'a, ga abin da na yi maku alkawari! Mota ta Faransa..."

"Ba ita ka rantse bola ta ba, yanzu a shinge?" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Wanga dabarar tahiya ta. Alhaji Misbahu, bismilla."

Misbahu ya tashi ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi ido, ya tambayi mutanen Damaga. Sannan ya zagaya.

"Ina fitilar da ka ce man?"

"Ta samu uzuri."

"Kafireta?"

"Tana hannun jama'a."

"To mi ka kawo man, Injiniya?"

"Rai! Injin da kanshi. Fistin huɗu na ciki sabbi ful, ko iska ba ta taɓa su ba. Bari in buɗe ka gani."

Misbahu ya ce a bari a sauke shi a hankali. Gajere ya ce sauke injin ai ba aikin taro ba ne, dabara ce. Ya karɓi wani dogon ƙarfe, ya zura ƙarƙashin dunƙulen, ya haye ɗaya bakin da duk nauyinsa. Notunan da suka rage suka saki lokaci ɗaya. Injin ya mirgino, ya ɓalle ƙofar bayan akori-kura, ya faɗo a kan dutsen da masu faci ke dukan taya, ya rabe biyu.

Babu fistin ko ɗaya. Abin da ya zubo ƙasa ce, da ɓawon gyaɗa kusan kwano biyu, da tsumma. Daga cikin tsumman wata ƙatuwar gafiya ta fito, gashinta a babbake gefe guda, ta dubi kasuwar Mafara, ta zaɓi ƙafar wandon Misbahu.

Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya yi tsalle ya haye benci yana salati yana kaɗa ƙafa. Gafiya ta faɗo ta shige rumfar masu tumatir. Mata suka tashi da ihu, tire ya kife, wani ya taka wani, Nagode ya kwanta a ƙasa yana riƙe ciki. Mukhtar kuwa ya daina dariya, yana kallon ƙofar motarsa da ke lilo da hinji ɗaya.

"Ko 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarhe," in ji Misbahu daga kan benci, yana gyara hula, "sai ka haɗa masu da haƙuri."

Dariyar ce ta fara raguwa daga baya, mutane suna buɗe hanya. Taibatu ce ta shigo, cikin hijabi, tana tafiya a natse. Ta gaida Misbahu, ta gaida Nagode, ta yi wa ƙanenta sannu da hanya. Sannan ta tsaya gaban mijinta.

"Malam, sannu da aiki. An dawo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya mutanen Maradun?"

"Suna gaishe ki."

"Ina injina?"

Gajere ya dubi sama, ya dubi ƙasa. "Yana wurin Inna. Yana samun kulawa."

"Tumaki biyu na sayar. Wanne daga cikin wanga na tumakina?"

Ya nuna rabin dunƙulen ƙarfen da yatsa, sannan ya ga bai isa ba, ya nuna ɗaya rabin.

Taibatu ta daɗe tana kallonsu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Albasa gobe take shan ruwa," in ji ta. "Kakana har ya bar duniya bai ga injin ba, da jigo ya yi noman rani. Mukhtar, ɗora man guda ɗaya, kai man fadama. Malam, biyo mu."

Kafin magariba an kafa jigo a bakin rijiyar gonar: gwafa biyu, doguwar sanda a gicciye, guga a baki ɗaya, rabin injin Fijo ɗaure a ɗaya bakin don ya riƙa ɗago ruwa. Taibatu ce ta gwada nauyin, Mukhtar ya ɗaure. Ta sake kafa doka: ya ja, ya zuba, kada ya ƙara, kada ya rage.

Kwana huɗu Gajere ya bi doka. Daga fitowar rana har la'asar yana jan guga, fangali arba'in, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Duk wanda ya wuce ta hanyar Bakura sai ya tsaya kallo, shi kuma sai ya gaya masa cewa duk fadamar nan babu mai ban-ruwa da injin Faransa sai shi.

Ran na biyar ya lura gugan na tasowa a hankali. Ya yi lissafi ya gano jigon rabin ƙarfinsa yake aiki, tunda rabin injin ne a jiki. Ya biya mai baro ya kawo masa ɗaya rabin, ya ɗaure su tare. Da ƙyar, da taimakon mai baron, aka jawo sandar ƙasa guga ya shiga ruwa. Mai baro ya saki ya tafi. Gajere na riƙe da igiya da hannu biyu.

Injin Faransa ya sauka. Guga ya tashi, Injiniya ya bi shi.

Nagode ne ya fara wucewa a kan keke, za shi Bakura ta'aziyya. Ya hango mutum na reto a saman sanda, tsayin mutum biyu daga ƙasa, ƙafafu na harbin iska, bakin rijiya a buɗe a ƙarƙashinsa, guga na tsiyaya masa ruwa a ka. Ya jingine keke, ya matso, ya ɗaga kai.

"Salamu alaikum, Injiniya. Sannu da aiki. Ya ruwa?"

"Alhamdu lillahi," in ji Gajere daga sama. "Gwaji nike yi. Ka ga ƙarfi ko? Mutum sukutum ya ɗaga."

"Na gani. In kira Taibatu?"

Igiya na zame wa Gajere kaɗan-kaɗan.

"Kira Mukhtar," in ji shi. "Kuma ka taka keken nan da sauri."